Giyabos ɗin Gwaggo

Laraba, ƙarfe shida da rabi na safe

Jiya aka jawo Gwaggo da igiya. Gwaggo motar Baba ce, irin tsofaffin nan masu tsayi da ke ja da ƙafa huɗu. Ta girme ni da shekara biyu, kuma mun sa mata wannan suna ne don ba ta tashi da safe sai an lallashe ta. Da ita Baba yake shiga ƙauyuka gyaran famfon rijiyar burtsatse tun ban san kaina ba. Yanzu tana garejin bayan layinmu, mai yana ɗiga daga cikinta.

Baba lafiyarsa lau, ko ƙwarzane babu. Ya shigo da ƙafarsa, ya wuce ɗaki, ya tura ƙofa. Mai lemon da ke zama a bakin kwalbatin da motar ta afka wa ita ma lafiyarta lau, teburinta ne kawai ya tafi.

Ba zan rubuta sauran ba.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Da na tashi daga kantin maganin da nake aiki, na biya gareji. Bakaniken, wanda a raina nake kira Malam Tsaki don ba ya fara magana sai ya ja tsaki, ya fito daga ƙarƙashin motar yana goge hannu.

"Mtsw. Giyabos, akwatin giyar nan, ya tashi aiki, 'yar Baba. Cikin motar ne ya daki kankaren kwalbati. Kwanon ya tsage, sandan ciki ya karye."

"To a yi masa walda mana."

"Mtsw. Walda? Ƙofar gida ce? Sai dai a nemo wani, kuma irin wannan an daina yin sa tun kina rarrafe."

Na ce zan nemo. Ya dube ni tun daga ɗankwali har takalmi, ya sake jan tsaki, wannan karon babu magana a bayansa.

Asabar, ƙarfe goma na safe

Yaya ya zo da sassafe, ya zauna a tsakar gida kusa da Umma, ya sha mur irin na manyan 'ya'ya. Wai ya gama magana da masu yankan ƙarfe. Za su zo da tukunyar gas su yi gunduwa-gunduwa da Gwaggo.

"Yaya, motar Baba ce fa."

"Na sani, shi ya sa. In ta tashi zai sake hawa, ke ma kin sani. Wannan karon tebur ne."

Gaskiya ya faɗa, kuma babu abin da ke ba ni haushi a duniya irin Yaya ya yi gaskiya. Duk da haka na ce, "Kwana huɗu ke nan bai ci abin kirki ba, bai yi wa kowa magana ba. Ka yanka motar nan, shi ka yanka."

Umma ta ce mu rage murya, bangon ba shi da kauri. A ƙarshe Yaya ya ba ni sati uku daga yau. In motar ta tashi ya janye maganarsa, in ba ta tashi ba a yanka. Ba don ya ji tausayina ya yarda ba, ya tabbata ne ba zan samu ba. Zai sha mamaki.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Na roƙi mai kanti ya bar ni a aikin safe kawai har ƙarshen wata, ya yarda. Daga can na wuce kasuwar kayan mota da takardun Gwaggo a jaka, domin Malam Tsaki ya ce da shekarar mota ake nema.

Layin farko ƙofofi ne zalla, an jera su kamar faranti a kwando. Na biyu fitilu da gilasai. Sai can ciki, inda ƙasa ta koma baƙa wuluk saboda mai, ake samun masu giyabos. Duk shagon da na tsaya sai an leƙa bayana a ga namijin da ya aiko ni.

"Hajiya, ina maigidan?"

"Yana hutawa. Ni ce a bakin aiki."

Shago goma sha ɗaya, babu.

Talata, ƙarfe shida na yamma

Shago tara, babu. Takalmina ya mutu.

Laraba, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Na samu! Wani mai shago a lungun ƙarshe ya duba takardun, ya shiga ciki ya jawo wani giyabos fes da shi. Ya dafa ƙirji ya ce, "Wallahi tallahi, Hajiya, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya da na motarki." Na sa aka turo shi a baro har gareji, ina biye ina taku kamar ni na ƙera shi.

Na kira Yaya. Na ce masa ya gaya wa masu tukunyar gas su nemi wani aikin. Kwana huɗu kacal! Har rawa na taka a kicin, Umma na cewa in yi hankali da tukunya.

Alhamis, ƙarfe huɗu na yamma

Kada in ƙara kiran Yaya kafin a ɗaura abu.

A bayan giyabos akwai wani ƙaramin akwati da ake kira ƙaramar giya, ita ce ke sa tayoyin huɗu su ja tare. Wani sanda mai haƙora yana fitowa daga giyabos ya shige cikinta. Na wanda na sayo ya ƙi shiga. Malam Tsaki ya juya, ya karkata, ya shafa mai, a banza. Sai ya zauna ya ƙirga haƙoran da tsinke.

"Mtsw. Wanda kika kawo sha tara ne, yadda takarda ta ce. Na motar ashirin da uku. Wani ya taɓa canja wa motar nan kayan ciki."

Wa kuwa zai canja in ba mai ita ba? Na mayar wa mai rantsuwa kayansa. Da farko ya ce shi ba ya karɓar abin da ya fita. Na ja kujerarsa na zauna a ƙofar shagon, duk wanda ya zo sai in ba shi labari tun daga farko. Bai kai awa biyu ba ya karɓa.

Juma'a, ƙarfe bakwai na yamma

Na kai wa Baba abinci, na ajiye a bakin ƙofa kamar kullum. Maimakon in tafi sai na zauna a wurin, na ɗaga murya ina ba Umma labarin jiya, alhali Umma tana can bayan gida. Ina kaiwa kan sha tara da ashirin da uku sai na ji murya daga ciki.

"Wa ya ce ki je da takarda?"

Kwana goma rabon da in ji muryar nan. Na dafe baki, sannan na ce, "Bakanike ne ya ce, Baba."

"Takarda ta san abin da na yi wa motar nan? Tun kina firamare na canja giyabos da ƙaramar giyar gaba ɗaya. Ki samo sabulun wanki sabo, mai kauri. Ki danna bakin sandan da ya karye a cikinsa har ya zauna. Duk wanda za ki ɗauka, ki zura masa sabulun. In ya shiga bai kankare ba, shi ne."

"Ba sai in ƙirga haƙoran kawai ba?"

"Ashirin da ukun ma iri biyu ne, Uwata, akwai mai kauri akwai siriri. Ido yana yaudara."

Uwata yake ce min don sunan mahaifiyarsa gare ni. Na tashi na bar wurin, domin ya ambaci ido, abin da ba ma ambata a gidan nan. Da na dawo ɗaukar kwano, ya ci rabi.

Asabar, ƙarfe ɗaya na rana

Saura sati biyu. Mun shanya sabulun a rana ya yi laushi, muka danna sandan. Haƙoran suka fito a jikinsa raɗau, ɗaya bayan ɗaya. Malam Tsaki ya ce, "Mtsw, aikin mutanen da," amma na gan shi yana jujjuya sabulun ya fi minti biyar.

Litinin, ƙarfe shida na yamma

Yanzu ina da suna a kasuwa, Hajiya mai sabulu. Ina shiga layin sai ka ji ana, "Ga ta nan, a fito da kaya!" Maza sun kewaye ni kamar mai sayar da magani, ina tsugune ina gwadawa. Guda shida na gwada. Huɗu ko kusa ba su je ba. Biyu ashirin da uku ne cif, amma sirara, sabulun yana lilo a kansu. Da ƙirga na bi, da yau na sake kwasar wanda ba zai shiga ba.

Wani ya so ya tura min sabulun da ƙarfi wai zai shiga. Na daka masa tsawar da ni kaina ban san ina da ita ba.

Talata, ƙarfe takwas na safe

Na ajiye sabulun a kan taga, a naɗe da takarda. Na fito wanka na tarar da Umma tana wanke rigunan Baba, kumfa har gwiwar hannu.

"Umma, a ina kika samu sabulun nan?"

"A taga. Ɓera ma ya ci tsakiyarsa, rami guda, amma da sauran amfani a jikinsa."

Na zauna daɓas a ƙasa. Ban san ko kuka zan yi ba ko dariya. Ina cikin yi mata bayani, tana cewa ita ina ta sani, wa ke ajiye sabulu don ado, sai muka ji wani sauti daga ɗakin Baba. Gajere ne, kamar tari, amma dariya ce. Umma ta tsaya cak da hannuwa a cikin kumfa. Ta juya min baya ta ci gaba da wanki, kafaɗunta suna rawa.

Laraba, ƙarfe uku na rana

Na sake danna sandan a sabulu, guda uku. Ɗaya a jakata, ɗaya a kanti, ɗaya a wurin Malam Tsaki.

Alhamis, ƙarfe shida na yamma

Babu.

Juma'a, ƙarfe biyar na yamma

Babu. Na gama kasuwar kaf, har na fara maimaita shaguna.

Yaya ya kai wa mai lemo sabon tebur, bai gaya wa kowa ba, a bakinta na ji. Haka yake, sai ya gama ƙona maka rai sannan ya je ya yi abin kirki a ɓoye.

Da safe ƙofar Baba ba ta rufu sosai ba, na hango shi yana zuba shayi. Rabi ya shiga kofi, rabi a tabarma. Ya shafa wurin da tafin hannu, ya yi sauri ya jawo ƙafa ya rufe. Na koma da baya a hankali. Tun bara nake ganin irin wannan, ina kau da kai.

Yau tsoro nake ji. In na tayar da motar nan ya karɓi makulli ya hau fa? Wa zai hana shi, ni? Amma in na bari aka yanka ta, na san ba zai ƙara fitowa daga ɗakin nan ba. Ba zan rubuta sauran ba.

Asabar, ƙarfe huɗu na yamma

Saura sati ɗaya. A bakin fita daga kasuwa akwai wani tsoho da ke sayar da noti a gwangwanaye, kullum nake wuce shi. Yau ya kira ni.

"'Yata, kawo in ga sabulun nan da ake ta magana."

Ya karɓa, ya zura ɗan yatsa a ramin, ya gyaɗa kai. "Wanda ya koya miki wannan ya san aiki. Ba za ki samu a nan ba, kina ɓata takalmi ne. Ki bi hanyar da ta wuce gadar ƙarfe, ki tambayi gonar Mai Kaji. Mijinta ya mutu ya bar irin motar da kike nema. 'Yan kasuwar nan sun yi ta zarya, ta kore su."

Na ce me ya sa bai gaya min tun tuni ba. Ya ce ai ban taɓa gaishe shi ba. Kunya ta kama ni har ƙasa.

Lahadi, ƙarfe bakwai na yamma

Mun tafi a akori-kurar Malam Tsaki, tafiyar awa ɗaya da rabi, ya ja tsaki a kan kowane rami. Mun tarar da Mai Kaji tana dawowa daga rafi, bokiti a kowane hannu. Mace ce ƙatuwa, ba ta da lokacin wasa. Ga motar can ƙarƙashin bishiya a kan duwatsu, ba taya ba inji, kaji sun yi ƙwai a kan kujeru.

"Ba ta sayarwa ba ce," ta ce tun kafin in gama gaisuwa. "Ta maigidana ce, Allah Ya ji ƙansa."

"Amin, Inna. Ba motar nake so ba. Wani ƙarfe ne a ƙarƙashinta, ko kajin ba za su san an cire ba. Ta mahaifina ce ta lalace, kuma tun ranar bai fito daga ɗaki ba."

Ta dube ni da kyau. "Me yake yi, mahaifin naki?"

"Gyaran famfon burtsatse."

Sai ta ajiye bokitan. Ta nuna min famfonta a tsakiyar gona, wata huɗu ba ruwa. Masu gyara uku sun zo, kowa ya kwance wani abu ya ce zai dawo.

"Ki ɗauki ƙarfenki, ba na son komai. Amma shi zai zo da kansa, ba aike ba, ya fito min da ruwa."

Na ce na yarda. Bakina ne ya faɗa kafin kaina ya yi tunani.

Malam Tsaki ya shimfiɗa buhu a kan kashin kaji ya shige ƙasa. Awa biyu yana fama da notin da suka yi tsatsa, yana tsaki, zakara na amsa masa. Da ya raba giyabos ɗin da ƙaramar giyar, na miƙa masa sabulu. Sai na ji ya ce, "Ya shiga." Babu tsaki, haka kawai, ya shiga. Na durƙusa na gwada da hannuna. Sumul ya tafi har ƙarshe, ya fito ko ɓurɓushi bai bari ba.

Ihun da na yi sai da kaji suka watse. Ban kira Yaya ba, na koyi hankali.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

An buɗe giyabos ɗin Mai Kaji. Ruwa ya taɓa shiga, boris ɗin da sanduna ke juyawa a kansu sun yi tsatsa, haƙoran giya ta biyu sun cinye. Amma kwanon lafiya lau, sandan ma lafiya lau, kuma su ne suka mutu a namu. Sauran kayan cikin Gwaggo ba abin da ya same su. Za a haɗa biyun su zama ɗaya. Malam Tsaki ya ce aikin kwana ɗaya ne.

Ban gaya wa Baba alkawarin da na yi da sunansa ba.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Saura kwana uku, kuma komai ya tsaya.

Malam Tsaki ya kwance giyabos biyun ya zuba kayansu duka a baho ɗaya na fetur don su wanku. Ashe akwai wasu zobba na ƙarfe sirara da ake sawa a tsakanin giya da giya, sun fi ashirin. Na Gwaggo da na motar kaji kamanninsu ɗaya, bambancin kaurinsu bai fi silin gashi ba, kuma kowane da wurin zamansa. Sau uku ya haɗa. Na farko ya cije, na biyu giya tana zamewa, na uku ko juyawa bai yi ba.

Ya zauna a kan taya ya cire hula. "Na yi kuskure, 'yar Baba. A ido duk ɗaya suke."

Na so in zazzaga masa masifa, amma mutumin da ya kwanta a kashin kaji saboda ni bai cancanci haka ba. Na ce gobe ya loda komai a akori-kura ya kawo gida, ya taho da guduma.

Alhamis, ƙarfe bakwai na yamma

Yau ce ranar. Bari in rubuta a hankali kada in manta komai.

Muka baza buhuna a ƙofar ɗakin Baba, muka juye kayan. Na ce wa Malam Tsaki ya ɗauki guduma.

"Mtsw. Guduma a giyabos? Kina so a ce ban san aiki ba?"

"Tsohon kwanon da ya tsage za ka buga. Ka buga da ƙarfi."

Ya buga sau ɗaya, ya buga na biyu. A na uku ƙofa ta buɗe.

"Wane mara imani ne yake dukan giyabos da guduma a gidana?"

Baba ya rame. Rigarsa a bai-bai take. Ya laluba bango ya zauna a bakin buhu, ya ce a ba shi tsumma da waya doguwa. Malam Tsaki ya durƙusa ya gaishe shi ya faɗi abin da ya faru, bai ɓoye ba.

"A baho ɗaya?" Baba ya ce. "Miya kake yi? Abin da ka cire, ka zura shi a waya bi da bi. In ka tashi mayarwa sai ka faro daga ƙarshe."

Ya sa hannu a cikin zobban. Yakan ɗauki ɗaya, ya murza tsakanin yatsu biyu, ya bi gefensa da farce, ya ajiye dama ko hagu. "Wannan namu ne. Wannan baƙo. Wannan namu, na bayan giya ta uku, ni na goge shi da dutse." Fuskarsa tana kallon bangon kicin, ko sau ɗaya bai sunkuya ya dubi hannunsa ba. Malam Tsaki ya lura, ya ɗago ya dube ni. Na zare masa ido, ya mayar da kansa ƙasa.

Awa huɗu suka yi. Baba yana zura kaya a waya, yana miƙawa, yana faɗa. "Juya shi, bakin mai gangare ne ke kallon gaba. Ba ka ji ba? Taɓa nan." Malam Tsaki sai "to, Baba" yake cewa, tsakin ya gudu. Umma ta kawo abinci ta ajiye. Baba ya goge hannu sama-sama ya cinye tas, har ya tambaya ko da saura.

Da suka rufe kwanon, ya kama sandan da yatsu biyu ya murza. Ya juya ba gardama. Ya riƙe sandar giya ya fara sawa. Ɗaya, ƙwas. Biyu, ƙwas. Uku, huɗu, biyar, ribas, kowace ta faɗa wurinta. Wallahi ban taɓa jin sauti mai daɗin wannan ba. Na yi ta tafi kamar yarinya, ban damu ba.

Bayan Malam Tsaki ya tafi na gaya masa maganar Mai Kaji.

"Zurfin rijiyar nawa?"

"Ban tambaya ba, Baba."

"Kin yi alkawari da bakina, ko zurfi ba ki tambaya ba. In an buga famfon me yake cewa?"

"Fuu, fuu. Iska kawai."

"Robar ƙasa ce ta cinye," ya ce. Bai koma ɗaki ba sai da rana ta faɗi.

Juma'a, ƙarfe shida na yamma

An ɗaura giyabos a mota. Batir yana caji, sai gobe za a tayar. Baba ya ce Umma ta fito masa da rigar aikinsa, kuma makullin yana aljihunsa. Murna nake yi, amma makullin nan ya tsaya min a rai.

Asabar, ƙarfe biyu na rana

Masu yankan ƙarfe sun riga mu zuwa, su biyu da tukunyar gas a baro, Yaya yana tsaye tare da su. Baba ya taho dafe da kafaɗata, wai ƙafarsa ce ke ciwo.

Malam Tsaki ya miƙa hannu a ba shi makulli. Baba bai ba shi ba. Ya sake ni, ya shafa jikin motar har ya kai ƙofar direba, ya buɗe ya hau. Ya taka totur sau uku kamar yadda ya saba, ya murɗa. Gwaggo ta yi tari, ta yi shiru. Ya ce, "Haba, tsohuwa." Ya sake murɗawa, ta ɗauka da wani irin ruri, hayaƙi ya cika garejin. Duk bakaniken da ke wurin ya bar abin da yake yi, ana ta tafi da fito. Na waiwaya in yi wa Yaya gwalo.

Sai na ji ƙwas. Baba ya sa giya ta ɗaya.

Tafin ya mutu. Yaya ne ya taka ya je ya tsaya a gaban motar, taku biyu daga bonet, hannuwansa a sake. Rana tsaka, babu ko gajimare. Baba ya daɗe riƙe da sitiyari, ƙafarsa a kan kuloci. Sannan ya leƙo ta taga.

"Wa ke tsaye a gaba?"

Sai Yaya ya ce, "Ni ne, Baba."

"Na ga inuwa," Baba ya ce, a gaban kowa, muryarsa ba ta yi rawa ba. "Ya fi shekara inuwa kawai nake gani."

Ya cire giyar, ya ja birkin hannu, ya sauko ya bar injin yana aiki. Ya bi bonet da tafin hannu, ya iso kan Yaya ya dafa kafaɗarsa, ya wuce ya zagaya ɗaya ƙofar ya shiga.

"Uwata, zo ki ja. Kai kuma sallami baƙinka ka shiga baya."

Shi ya koya min tuƙi a motar nan, amma bai taɓa barina na fita da ita titi ba. Na hau. Muka fita daga gareji ana buga mana bonet. Ɗaya daga cikin masu gas ɗin ya ce wannan ai ta fi shi lafiya. Baba ya sa na bi ta filin yashin da ke bayan makaranta, ya ce in tsaya a tsakiya in sa ƙaramar giya. Na sa. Tayoyi huɗu suka kama ƙasa, Gwaggo ta fito kamar ba yashi a wurin. Na danna hon har sai da Baba ya ce ya isa.

Yaya yana baya yana goge fuska, wai hayaƙi ne. Na ce masa, "Yaya, sati uku ko?" Ya ce in kalli gabana.

Lahadi, ƙarfe shida da rabi na yamma

Mun je gonar Mai Kaji, ni da Baba da Yaya. Ni da Yaya muka yi ta jawo bututu ɗaya bayan ɗaya, Baba yana zaune a kan bokiti yana karɓa yana shafawa. Robar ƙasa ce kuwa, ta cinye kamar tsohon silifa. Ya canja ta, ya mayar da abubuwa biyu da masu gyaran baya suka ɗaura a juye, muka mayar da bututun. Mai Kaji ta kama hannun famfo da kanta. A bugu na tara ruwa ya ɓarke, ja da farko, sannan fari tas. Ta tara hannu ta sha, ta wanke fuska, ta yi ta sa wa Baba albarka har ya ce ta bari haka kada ta sa shi kuka. Ta cika mana bayan mota da ƙwai, Yaya ya riƙe su a cinya.

A hanyar dawowa, bayan mun wuce gadar ƙarfe, Baba ya ce, "Gobe aikin safe kike?"

"E, Baba."

"In kin tashi, ki zo ki kai ni wurin likitan ido."

Shekara guda muna neman wanda zai iya faɗa masa wannan, ga shi ya faɗa da kansa. Na ce to. Idona ya cika, na kai hannu zan sa giya ta uku. Motar ta shaƙe ta fara kakkarwa.

"Ta biyar ce wannan, Uwata," ya ce. "Da hannuna na haɗa shi, kada ki kashe min."